Tsohuwar Wuƙa: Yadda Za Ka San Kuɗinta Kafin Ka Saya Wa Baba



Duk ƙarshen zangon karatu, musamman ga 'yan ajin ƙarshe, akwai lissafin da ba ya cikin manhaja, wato lissafin tsaraba. Inna, turmin atamfa ko turare ya wadatar. Ƙanne, alewa da biskit. Mai ba da wahala shi ne Baba ko Kaka: hula yana da ita, carbi kuwa ya fi biyar a rataye. Shi ya sa da yawa daga cikinmu 'yan Kebbe, Kuchi, Jabo, Dogon Daji da Tambuwal kan tsaya a kan wuƙa. Dattijon karkara ba ya rabuwa da ƙaramar wuƙa a aljihun 'yar shara. Da ita yake yanke igiyar dabba, ya feƙe alƙalami, ya sassaƙe ƙotar kalme, ya ɓare rake.

Matsalar tana farawa ne a wurin mai kaya. Da ya ga ka ɗauki wata mai ɗan duhu, sai ka ji: "Kai, yaro, ka san kaya! Wannan ta zamanin Turawa ce, yanzu ba a yin irinta." Kuɗi ya ninka uku nan take. A ɗaya gefen kuma, akwai masu bin ƙauyukanmu suna sayen tsofaffin kaya, su karɓi wuƙar kakanni a kuɗin da bai kai na katin waya ba. Ilimi ɗaya ne ke kare mutum daga waɗannan asarori biyu: sanin yadda ake karanta wuƙa.

Tsufa daban, tsada daban

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ba su ce kowane tsohon abu zuma ba ne. Wuƙa tana iya shekara 80 kuma kuɗinta bai kai na sabuwa ba, in dai an ƙera irinta miliyoyi kuma ta sha wahala. Abubuwan da masu tara tsofaffin wuƙaƙe ke dubawa su ne: wa ya ƙera ta, yaushe, nawa suka rage a duniya, wane hali take ciki, sannan ko akwai shaidar hannun da ta bi. Sai na ƙarshe wanda ya fi su duka ƙarfi: akwai mai nemanta? Abin da babu mai taya shi ba shi da farashi, komai tsufansa.

Haka kuma ka raba darajar wuƙa gida uku tun kafin ka fara ciniki. Akwai darajar aiki: tana yanka, tana riƙe kaifi? Akwai darajar masu tarawa, wadda galibi a Turai da Amurka ake biyanta. Akwai darajar gida, wadda ba a sa mata naira. Mai kaya zai so ya sayar maka da ta farko a kuɗin ta biyu. Mai bin ƙauye kuma zai so ya sayi ta biyu da ta uku a kuɗin tsohon ƙarfe.

Fara da gindin ruwan wuƙa

Ruwan wuƙa shi ne ƙarfen da ke yanka. A wuƙar kamfani, buɗe ta ka duba gindin ruwan, daidai inda ya shiga ƙota. Nan ake buga tambarin maƙeri, sunan gari, wani lokaci har da shekara. Haska da fitilar waya daga gefe, ba daga sama ba, rubutun da ya shafe zai fito. Ɗauki hoto ka faɗaɗa.

Garuruwa uku ne suka yi suna a wannan sana'a: Shafil a Ingila, Solingen a Jamus, da Thiers a Faransa. A jikin wuƙa za ka ga na Ingila an rubuta "Sheffield". Ga wasu ranaku da za su taimake ka ka kama mai ƙarya:

Na farko, ƙarfen da ba ya tsatsa. Wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya gano shi a Shafil a 1913. Saboda haka duk wuƙar da aka rubuta wa "Stainless", ko "Inox" da Faransanci, ko "Rostfrei" da Jamusanci, ba ta ga zuwan Turawa Sakkwato a 1903 ba. Yawancinsu ma bayan 1920 ne, da yawa kuma jiya-jiya.

Na biyu, "W. Germany" ko "West Germany". Jamus ta rabu biyu a 1949, ta sake haɗewa a 1990. Wuƙar da ke ɗauke da wannan rubutu tana tsakanin waɗannan shekaru. Amma a kula: kamfanoni da yawa na Jamus ta Yamma "Germany" kawai suke rubutawa, don haka rashin harafin W ba ya nufin ta girmi 1949.

Na uku, sunan ƙasa. Ingila ta yi dokar 1887 da ta sa kayan Jamus suka fara ɗaukar "Made in Germany", Amurka kuma ta yi tata a 1890 da ta tilasta rubuta ƙasar asali a kan kayan da ke shigar mata. Daga nan ne maƙeran Shafil suka yawaita ƙara "England" a tambarinsu. In ka ga kalmar, to mafi rinjaye wuƙar ta bayan 1890 ce.

Na huɗu, yadda aka yi rubutun. Tsohon tambari bugawa ake yi da ƙarfi, ya nitse cikin ƙarfe, farce yana jin raminsa. Rubutu mai santsi, mai launin toka, wanda ya yi tsaf kamar na firinta, aikin injin laser ne na zamaninmu.

Wani kamfanin Amurka mai suna Case ya sauƙaƙa wa masu tarawa: a 1970 ya buga ɗigo goma a ƙarƙashin tambarinsa, kowace shekara ya cire ɗaya. Ɗigo bakwai ke nan 1973. Ba a cika ganin irinta a kasuwanninmu ba, amma misali ne na yadda ƙaramar alama ke yanke gardamar shekaru.

Waɗanda aka fi cin karo da su

Okapi. Wuƙa ce mai ƙotar katako, wasu da adon wata da taurari, da zobe a baya wanda ake ja kafin ta rufe. An fara ƙera ta a Solingen a 1902, musamman don kasuwannin Afirka, kuma a 1988 aka mayar da aikinta Afirka ta Kudu. To ga ma'auni mai sauƙi: mai rubutun Jamus ta girmi mai rubutun Afirka ta Kudu, kuma masu tarawa sun fi son ta Jamus. Sai dai tun asali wuƙar talaka ce, an yi ta da yawan gaske, don haka kada ka sa ran za ta saya maka babur. Jabunta ma sun cika kasuwa.

Douk-Douk. Kamfanin Cognet na Thiers ya fito da ita a 1929. Ƙotarta fallen ƙarfe ne da aka naɗe, siririya, ba ta cika aljihu. Ta bazu a ƙasashen da Faransa ta mulka, shi ya sa masu fatauci ta Illela da Ƙonni sun fi saninta. Akwai samfurinta mai suna El Baraka, wanda aka zana wa alamar nan ta Agadas da Buzaye ke ratayawa a wuya. Abin lura shi ne har yau ana ƙera ta kusan yadda take tun farko. Tsohon fasali ba shi ne tsohuwar wuƙa ba.

Wuƙar soja. Wannan ce ta fi kusa da tarihin gidajenmu. A Yaƙin Duniya na Biyu, dubban 'yan Arewa sun shiga runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yi yaƙi a Bama, wadda tsofaffi ke kira Boma. Sojan Ingila na lokacin ana ba shi wuƙa mai naɗewa, mai baƙar ƙota mai ƙyasƙyas, da mabuɗin gwangwani, wasu kuma da wani tsinken ƙarfe mai kauri na kwance ƙullin igiya. Ta gaske tana ɗauke da sunan maƙeri, da shekara kamar 1943 ko 1944, da wata alama mai kama da sawun kaza, wadda ke nuna kayan gwamnatin Ingila ne. A Turai ba ta da tsada sosai, domin an yi ta da yawa. Amma in akwai ta a gidanku tare da lambar yabo ko takardar sallamar kakanku, haɗuwarsu ta fi kowannensu shi kaɗai nesa ba kusa ba. Kada a raba su.

Jar wuƙar Suwizalan, mai almakashi da sukundireba. Karl Elsener ya kafa kamfanin a 1884, sunan Victorinox kuma ya zo a 1921. Abokin gasarsa shi ne Wenger, wanda Victorinox ta saye a 2005, daga baya aka daina buga sunan Wenger a wuƙaƙe. Mai sunan Wenger ke nan ta daina fitowa, kuma wannan na ƙara mata ɗan farin jini. Jabu ana gane ta da sauƙi: ƙarafunta na girgiɗi, almakashin yana tauna takarda maimakon yanka, gindin ruwan kuma babu cikakken suna.

Opinel ta Faransa, mai zagayayyar ƙotar katako da tambarin hannu da kambi. An fara ta a 1890, amma zoben da ake murɗawa a kulle ruwan sai 1955 aka ƙara shi. Mai zobe ba ta girmi 1955 ba.

Ta maƙeranmu fa?

Nan ne aiki ya fi wuya, kuma nan ne aka fi cutarmu. Maƙerin Hausa ba ya buga suna ko shekara. Wuƙar da aka ƙera a Maƙera Assada cikin Sakkwato, ko a maƙerar ƙauye, shaidarta tana jikin ƙarfe da kube da bakin dattawa.

Kafin zuwan Turawa, ƙarfen gida daga tama ake narko shi. Irin wannan ƙarfe ba ya fita sumul. In ka duba da kyau za ka ga siraran layuka da ɗigo-ɗigo a jikinsa, saboda dattin tama da ya rage da kuma ninkawar da aka yi masa a kan uwar maƙera. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, motoci kuma suka yawaita, sai ƙarfen waje da tarkacen inji suka kashe sana'ar narka tama. Maƙera suka koma sifirin ɗin mota da tsohon magagari. Wuƙar sifirin wuƙa ce ta ƙwarai, tana riƙe kaifi fiye da ta tama ma, amma ba za ta girmi zuwan mota ba. In ka ga ragowar haƙoran magagari a gindin ruwan, ka san asalinta.

A takubba da manyan wuƙaƙe akan ga alamar jinjirin wata biyu masu fuska. Asalin irin waɗannan alamomi daga ruwan takubban Turai ne da fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da su. Da mutane suka ɗauki alamar a matsayin shaidar nagarta, sai maƙeran gida suka riƙa buga tasu. Ganin wata biyu kaɗai ba hujja ba ce cewa ruwan daga Turai ya zo, ko cewa ya ga jihadi.

Ka tuna kuma wuƙar gargajiya aikin mutum fiye da ɗaya ce. Maƙerin baƙi ya yi ruwa, maƙerin fari ya yi adon tagulla ko azurfa, baduku ya ɗinka kube. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ake jemewa da bagaruwa a rina da karan dafi, ta yi suna har Turai. Amma fata ba ta kai ƙarfe rai ba. Sau da yawa ruwan na kaka ne, kuben na jika. Wannan ba aibi ba ne, haka ake yi tun da, sai dai dole a ƙiyasta kowanne daban. Tsohon kube yana yin duhu da sheƙi a inda hannu ke kamawa, ɗinkinsa da siririyar fata ne ko zaren auduga. In ka ga zaren roba ko gam na kanti, sabon aiki ne.

Ƙota: ƙashi, ƙaho, haure ko roba?

Ƙashi yana da ƙananan ramuka da gajerun baƙaƙen layuka, inda datti ya shige. Ƙaho yana da sassa-sassa kamar farce, in ka haska shi haske na ɗan ratsawa. Hauren giwa ba shi da ramuka, kuma a inda aka yanke shi akan ga layuka masu gicciye juna kamar saƙar raga. Roba launinta ɗaya ne ko'ina, wani lokaci da layin inda aka zuba ta a mazubi.

Wasu za su ce ka zafafa allura ka soka don ka gane roba. Kada ka yi. Ka ɓata kayan mutane, sannan tsohuwar robar nan da ake kira seluloyid tana kama wuta nan da nan. Ita wannan roba tana da wani sharrin: in ta fara lalacewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe. In ka ga ƙota ta tsattsage ta motse, kuma ruwan ya yi tsatsa daidai ɓangaren da ke kusa da ita, ka raba ta da sauran ƙarafa, kuma kada ka biya ta da tsada.

Mayen ƙarfe yana da amfani a wuri ɗaya: tagulla da azurfa ba sa kama shi. In adon da aka ce maka tagulla ne ya manne, to baƙin ƙarfe ne aka shafe. Amma ba ya raba tsohon ruwa da sabo, domin ƙarfen wuƙa marar tsatsa shi ma yana kamawa. Haka nan rashin kamawa ba ya tabbatar da azurfa, don akwai wani farin gami na tagulla da nikel da ake wa laƙabi da azurfar Jamus, alhali babu ko ɗigon azurfa a cikinsa.

Lafiyar wuƙa, da kuskuren goge ta

Buɗe ta ka rufe sau uku. Mai lafiya tana buɗewa da ɗan tauri, ta rufe da ƙara "ƙas". In ta faɗi laƙwas, sifirin ɗin baya ya mutu. Riƙe ruwan ka girgiza hagu da dama, bai kamata ya yi wasa ba. Rufe ta ka shafa: in tsinin ya leƙo waje, an cinye ta da wasawa, kuma za ta yaga aljihun Baba. Kwatanta faɗin ruwan da ramin da yake kwanciya, nan za ka ga yawan abin da dutse ya ci. Duba ƙusoshin ƙota, in ɗaya ta bambanta da sauran an taɓa kwance ta.

Sai babbar magana. Duhun da tsohon ƙarfe ke yi, mai kama da toka ko shuɗi-shuɗi, ba tsatsa ba ne. Wata fata ce da ƙarfen ya yi wa kansa cikin shekaru, tana ma rage masa saurin tsatsa, kuma ita ce shaidar shekarunsa. Mu kuwa da mun sami tsohon abu sai mu nufi mai walda ya sa a inji ya yi fari fat. A minti biyu an share tambari, an share shekaru, an share kuɗi. A wurin masu tarawa, wuƙar da aka goge da inji ta faɗi warwas.

Tsatsar da ake yaƙa ita ce ja mai gari. Maganinta man keken ɗinki da tsumma mai laushi, a bar man ya kwana, a goge a hankali. Ramin ƙota a share da tsinken ashana. In za a ajiye ta tsawon damina, a fitar da ita daga kube, domin fata na riƙe laima. In kuma Baba zai riƙa yanka abin ci da ita, a goge man keken tas a shafa ɗan man gyaɗa.

Tsufan ƙarya

Ana tsufar da wuƙa da gangan: a binne ta a ƙasa mai laima, a jiƙa ta da ruwan gishiri ko ruwan batir, a turara kube da hayaƙi, a shafa masa man takalmi. Hanyar kamawa ita ce ka tambayi kanka: ina hannu ke taɓawa? Tsufan gaskiya ba ya zuwa bai ɗaya. Inda babban yatsa ke dannawa ya lotsa, inda farce ke jan ruwa ya yi santsi, gefen da ke gogar aljihu ya yi haske, lunguna kuma sun yi duhu. Tsufan ƙarya ko'ina iri ɗaya ne: ruwa ya yi tsatsa jawur amma kaifinsa bai taɓa ganin dutse ba, ƙota ta yi baƙi amma kusurwoyinta na nan da kaifinsu. Shinshina ma. Hayaƙi da man takalmi ba sa ɓuya.

Alama ta biyu ita ce yawa. In ka ga "wuƙar zamanin Shehu" guda shida iri ɗaya a shimfiɗe, ka san maƙerinsu yana raye, wataƙila ma yana shan shayi a bayan rumfar. A manyan kasuwanni irin su Kurmi ta Kano, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ana samun tsofaffin kaya na gaske, ana kuma samun sababbin da aka yi don baƙi masu son tsaraba. Sabon aikin hannu ba laifi ba ne, sana'a ce mai kyau. Laifin shi ne a sayar da shi da sunan tsoho. Addininmu ya hana ɓoye aibin kaya, kuma malaman fiƙihu sun ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Saboda haka ka tambaya a gaban shaida: "Alhaji, an taɓa canza mata wani abu?"

Yanzu sai lissafin kuɗi

Kuskuren da 'yan makaranta suka fi yi shi ne su buɗe intanet, su ga wani ya sa irin wuƙarsu dala 200, su fara lissafin sabuwar waya. Kuɗin da mai kaya ya yanka daban, kuɗin da aka sallama daban, ko a Tsohuwar Kasuwa haka ne. A shafuka irin su eBay akwai wurin da ake zaɓar kayan da aka riga aka sayar. Nan za ka duba, kuma ka nemi mai tambari iri ɗaya, girma ɗaya, lafiya ɗaya da taka.

Ga misali, alƙaluman na koyarwa ne kawai. A ce ka sami guda biyar da aka sayar a dala 20, 25, 30, 30 da 60. Kada ka ɗauki ta 60, wataƙila sabuwa ce fil a kwalinta. Jera su ka ɗauki ta tsakiya, wato 30. A ce dala tana naira 1,500, ka sami naira 45,000. Wannan kuɗinta ne a hannun mai saye a can. Cire la'adar shafi, a ce 6,000. Cire kuɗin aikawa, a ce 25,000, in ma kamfanin aika kaya ya yarda ya ɗauki wuƙa. Saura 14,000. Dillalin da zai saya a hannunka yana son riba, don haka zai taya 7,000 ko 8,000. Ka ga yadda dala 200 ta mafarki ta koma kuɗin mota zuwa Kebbe da dawowa.

Wannan lissafi yana aiki ta fuska biyu. In kai ne mai saye, kada ka biya farashin Landan a Sakkwato. Tambayi kuɗin sabuwar wuƙa mai nagarta irin girmanta, ka ɗora abin da ranka ya yarda saboda tsufa da kyau, ka tsaya nan. In ya ce albarka, ka yi gaba, gobe ma rana ce. In kuma ku ne masu sayarwa, kada ku amsa tayin farko, kada ku sayar a ranar da aka taya, ku nuna wa mutum uku waɗanda ba su san juna ba. Wanda zai saya ba shi ne zai yi maka ƙima ba. Kuma ba a cinikin biri a sama: hoton WhatsApp ba ya nuna mataccen sifirin.

Ga ta gargajiya, je wurin tsohon maƙeri da tsohon baduku, ka gaishe su yadda ya kamata, ka ce: "Baba, don Allah a duba mini wannan, aikin ina ne?" Sau da yawa daga fasalin kube kaɗai za su gaya maka na Sakkwato ne, na Buzaye ne ko na Nufawa. In abin ya yi kama da na tarihi, akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato, inda za ka ga tsofaffin makamai da idonka ka kwatanta.

Doka, gado da hanya

Abu uku ne za su iya mayar da tsaraba ta zama fitina.

Na ɗaya, dokar kayan tarihi. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, har da makamai, cikin kayan tarihi. Ba a fitar da su waje sai da izinin hukumar, cinikinsu ma an taƙaita shi ga wakilan da ta amince da su. Wannan bai shafi Okapi ko wuƙar Suwizalan ba, amma ya shafi tsohon takobin gidanku. Hauren giwa kuma an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun bayan matakin da aka ɗauka a 1989. In ƙota haure ce, ba riba ka samu ba, nauyi ne.

Na biyu, gado. Wuƙar marigayi Kaka ba ta wanda ya fara ɗauka ba ce, ta magada ce duka, har da gwaggonninka da ke gidan aure. Jika ba shi da ikon sayar da ita don kuɗin furojet ya matse shi. In ana son ta zauna a gida, a yi mata ƙima ta adalci, wanda zai riƙe ya biya sauran ko su yafe masa da bakinsu. Ƙaramin abu irin wannan ya sha raba zumunci.

Na uku, hanya da makaranta. Dokar makaranta ta hana ajiye makami a ɗakin kwanan ɗalibai, kuma jami'in tsaro ba zai tsaya sauraron tarihin Solingen ba. Ka saya a ranar tafiya ko jajibirinta. Kowa kuma ya san halin da hanyoyinmu na kudancin jiha ke ciki da yawan shingayen bincike. Naɗe ta a takarda, ka ɗaure, ka sa a ƙasan jaka tare da sauran tsaraba, ba a aljihu ko ƙugu ba. Karɓi rasit in akwai, riƙe katin makaranta, in an tambaye ka ka faɗa tun kafin a gani. Mai hawa jirgin sama kuma ya sani ba a shiga da ita a jakar hannu.

In kyauta ce

Bayan duk wannan, ka tuna wa za ka ba. Baba ba mai tara kayan tarihi ba ne. Zai buɗe ta, ya gwada kaifin a gashin hannu, ya ji nauyinta, ya ce Allah ya yi albarka. Wuƙar da ke da sifirin mai rai da ƙarfe mai karɓar dutse ta fi masa wadda ke da suna amma ta gaji. In kuɗinka bai kai tsohuwa ta gaske ba, sabuwar wuƙar maƙeri da kuben jar fata kyauta ce ta mutunci, kuma kuɗin ya zauna a hannun mai sana'ar gida. Abin da bai dace ba shi ne ka ɗauki labarin da mai kaya ya shirya maka ka kai wa mahaifinka a matsayin tarihi. Faɗi abin da ka tabbatar, ka tsaya nan.

Ga kuma aikin hutu ga kowa, mata da maza. In akwai tsohuwar wuƙa, takobi ko mashi a gidanku, zauna da dattijon da ya fi kowa sani. Tambaye shi wa ya ƙera, a ina aka saya, wa ya riƙe kafin wa. Naɗi muryarsa a waya, rubuta a takarda da kwanan wata, ɗauki hoton abin gaba da baya da wurin tambari, ka ajiye takardar tare da shi. Masu tarawa suna biyan ƙarin kuɗi saboda irin wannan shaida, gidajen tarihi ma ita suke fara nema. Ƙarfen zai iya ƙara shekara 100 in ana shafa masa mai, amma dattijon da ya san labarinsa ba zai jira ka gama hidimar ƙasa ba.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kai kowa gida lafiya.